Agogon tsohuwar kwamfuta mai Windows da Linux: ba bairos ba ne, kar ka yi fomatin

Duk wanda ya haɗa Windows da Linux a kan tsohuwar kwamfuta ɗaya, ko ba daɗe ko ba jima sai agogo ya sa shi ciwon kai. Ka gama aiki a Ubuntu ko Mint, wato nau'o'in Linux, ka yi ristat ka koma Windows, sai ka ga ƙarfe 9 alhali wayarka na nuna 10, ka gyara da hannu ka ce shikenan, gobe ka shiga Linux ka tarar shi kuma ya yi gaba da awa ɗaya. Wani nasa ya fi haka muni, yana kunnawa zai ga 1 ga Janairu na wata shekara da ta wuce tun tuni, 2009 ko 2002 ko ma 1980, burauza ta ƙi buɗe komai. Daga nan sai a fara faɗin bairos ne, a kai ta a yi mata fomatin, a biya kuɗi, a yi asarar fayiloli, bayan sati guda matsala ta dawo yadda take. Ni dai abin da nake gaya wa mutane kullum shi ne, kar ka yi saurin gyara agogon, tsaya ka duba da nawa ya kauce tukunna, don girman kuskuren shi ke faɗa maka inda cutar take. Awa ɗaya cif daban, awa 8 ko 9 daban, shekaru daban, 'yan mintoci kuma daban, kuma maganin ɗaya ba ya yi wa ɗaya.

Agogo biyu ne a cikin kwamfutarka, nan mutane da yawa ke ɓata. Akwai na kan bod, wato babban allon cikin kwamfuta, wanda ake kira RTC, shi ne kake gani idan ka shiga BIOS, shafin saitin da ake shiga kafin Windows ko Linux ya tashi, ɗan ƙaramin abu ne da ke ci gaba da ƙirga lokaci ko an kashe na'urar. Tsarin ya samo asali tun daga IBM PC/AT ta 1984 da aka sa mata cif ɗin Motorola MC146818, kuma har yau kusan salon nan ake bi, akwai wani ɗan kiristal mai kaɗawa sau 32,768 a sakan ɗaya, da batir ɗan mitsitsi mai ba shi wuta. Sai kuma agogon sistem, wanda Windows ko Linux ke riƙewa da kansa yayin da kwamfuta ke kunne. A lokacin butin sistem zai leƙa agogon bod sau ɗaya ya ɗauki lokaci, daga nan ya ci gaba da nasa lissafin, can kuma wani lokaci ya dawo ya rubuta wa na bod abin da yake ganin shi ne daidai. To agogon bod ba ya ajiye komai sai lambobi kawai, shekara, wata, rana, awa, minti, sakan. Bai san ko lokacin Kano ne ko na Landan ba, babu inda aka tanada a ciki don rubuta wannan. Duk rigimar daga nan ta taso.

Bari mu fara da na awa ɗaya tunda shi ya fi yawa. Windows tun zamanin DOS yana ɗauka abin da ke cikin agogon bod lokacin garinku ne, idan ya ga 10:00 to ƙarfe goma ne, ba tambaya. Linux kuwa yawancinsu suna ɗauka UTC ne a ciki, wato lokacin duniya na Girinwic, sai su ƙara ko su rage gwargwadon yankin da ka zaɓa. Najeriya da Nijar da Kamaru da Chadi duk muna gaba da UTC da awa ɗaya. Kenan idan ƙarfe 10 ta yi a Kano ko Maraɗi, Linux zai rubuta 09:00 a bod, kuma bai yi laifi ba a nasa tsarin, ka koma Windows shi kuma ya karanta 09:00 ya nuna maka haka ɗin ba ƙari. Kai kuma ka ga ba daidai ba ka mayar 10:00, Windows ya rubuta 10:00 a bod, ka dawo Linux ya ce wannan UTC ne ya ɗora awa ɗaya ya ba ka 11:00. Kamar kishiyoyi ne biyu da agogon bango ɗaya a falo, kowacce ranar girkinta sai ta juya shi yadda ya yi mata. Idan akwai data Linux zai gyara kansa cikin ɗan lokaci ta hanyar NTP, wato tsarin ɗauko lokaci daga intanet, ba ka ma lura ba, kuma da zarar ya daidaita, kanel ɗinsa, wato zuciyar sistem ɗin, na sake rubuta lokaci a bod duk bayan minti 11, shi ya sa kullum kamar Windows ne kaɗai ke da matsala. Windows 7 kuwa a saitinsa na asali sau ɗaya a sati yake tuntuɓar time.windows.com, don haka yana iya kwana shida yana nuna maka ƙarya hankalinsa kwance.

Bahaushen Kumasi ko na Nima a Accra bai san wannan wahalar ba sam, Gana tana kan UTC daidai, babu ƙari babu ragi, duk yadda sistem ya fassara lambobin abu ɗaya ne. Na Sudan shi awa 2 zai gani, wanda ke Saudiyya awa 3. Mu da yake namu awa ɗaya ce kawai shi ya sa take wucewa ba a kula, sai ranar da manhajar kiran sallah ta kwamfuta ta kira magariba mutane sun daɗe da shan ruwa, ko aka buga wa kwastoma rasit da lokacin da bai zo ba.

Hanyar gyara biyu ce, ɗaya za ka zaɓa. Ko ka sa Linux ya bi Windows, ko ka sa Windows ya bi Linux. A Linux mai systemd, wato Ubuntu daga 15.04 zuwa sama da Mint da Debian na yanzu, buɗe tamina, wato tagar da ake rubuta umarni, ka rubuta

timedatectl

zai nuna maka lokacin gari, da UTC, da abin da ke cikin RTC, da yankin lokaci, a ƙasa kuma akwai layin da ke cewa RTC in local TZ, ko no ko yes. Idan no ne kuma kana so ya bi Windows sai ka rubuta

sudo timedatectl set-local-rtc 1

Nan akwai abin da masu kwafa daga intanet ba sa tsayawa su fahimta. Za ka ga ana ƙara --adjust-system-clock a ƙarshen umarnin kamar dole ne, alhali aikinsa shi ne ya ce wa sistem ɗauki lokaci daga bod. Idan agogon Linux ɗinka daidai yake a lokacin, kar ka sa shi, bar umarnin haka, zai rubuta lokacin da ke daidai a bod. Sai in na BIOS ne daidai da lokacin gari na Linux kuma ya kauce, to nan ne ƙarin yake da amfani. Ka juya su, ka ƙara wa kanka wata awar ta ɓata.

Bayan ka yi haka timedatectl zai dinga nuna maka doguwar gargaɗi da Turanci cewa wannan tsarin ba a goyon bayansa sosai, zai kawo matsala wajen sauya yankin lokaci da sauya agogon bazara. Gargaɗin gaskiya ne amma fa don mutanen Turai da Amurka aka rubuta shi, su da ke tura agogo gaba a Maris su dawo da shi a Oktoba ko Nuwamba, inda sistem biyu kowa zai iya yin nasa sauyin a samu awa biyu maimakon ɗaya. Mu ba ma sauya agogo, rani da damina duk ɗaya ne. Don haka a ganina ga tsohuwar kwamfuta da ke zaune a shago ko ofis a Zariya, ba ta tafiya ko'ina, musamman mai XP ko Windows 7, wannan hanyar ta fi sauƙi kuma ta fi zama lafiya, komai masana za su ce. Abu ɗaya kawai za ka sani, a wannan yanayin Linux ya kan daina sabunta agogon bod da kansa, sai ka bar wa Windows aikin ko kuwa lokaci lokaci ka buga sudo hwclock --systohc bayan ka tabbatar lokacin daidai ne. Idan tamina ta ce ba ta san hwclock ba, a sababbin Debian da Ubuntu an mayar da shi cikin fakitin util-linux-extra, sai ka sauke.

Wanda Linux ɗinsa ya tsufa sosai babu timedatectl, a Debian da Ubuntu na da akwai fayil /etc/default/rcS, ciki za ka ga UTC=yes ka mayar UTC=no. A dangin Red Hat na da kuma /etc/sysconfig/clock ne.

Hanya ta biyu, wato sa Windows ya bi Linux, ita ce ta rajistiri, rumbun da Windows ke ajiye saitinsa. Ka buɗe cmd a matsayin admin ka rubuta

reg add "HKLM\SYSTEM\CurrentControlSet\Control\TimeZoneInformation" /v RealTimeIsUniversal /t REG_DWORD /d 1 /f

sai ka yi ristat, daga nan Windows zai ɗauki agogon bod a matsayin UTC. A Windows 10 da 11 yana aiki lafiya lau, kuma mai laftof da ke yawo tsakanin ƙasashe, yau Legas gobe Dubai jibi Makka, wannan ta fi masa. A XP kam ban ba kowa shawara ba, an san shi da rikicewa musamman bayan kwamfuta ta farka daga barci. Abin da ba a yi shi ne a haɗa duka biyun, kuma wallahi ana yi, mutum ya karanta shafi ɗaya ya gyara Linux, ya karanta wani ya gyara rajistiri, yanzu Windows na cewa UTC Linux na cewa lokacin gari, rigimar na nan sai dai ta juya baya.

Na awa 8 ko 9 kuwa ba ruwansa da Linux, Linux dai tona asiri ya yi. Yawancin kwamfutocinmu tokumbo ne ko kuma an yi musu instol a kasuwa da sauri, Next, Next, Next, kuma faifan Windows na Turancin Amurka yankin da yake fara zaɓa shi ne Pacific Time, lokacin su Kalifoniya. Mai instol zai duba agogon hannunsa ya saita awa ya miƙa maka, a ido komai daidai, amma a cikin Windows an ɗauka kana Los Anjalis. Ranar da ta shiga intanet ta daidaita kanta sai agogo ya zabga baya da awa 8 a lokacin bazararsu, ko 9 a lokacin sanyinsu. Akwai kuma wani tarko da ya fi wannan wayo, wato na laftof ɗin da ake kira Landan yus. Ingila daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba tana gaba da UTC da awa ɗaya, daidai da mu, to idan ka sayi laftof a Yuni mai saitin Landan ba za ka ga komai ba har wata huɗu, ƙarshen Oktoba na yi agogo ya koma baya da awa ɗaya shi kaɗai ba wanda ya taɓa shi. Haka wanda ya ga +01:00 kusa da Amsterdam da Berlin ya zaɓa don ai ɗaya ne da namu, shi nasa a Maris zai tsallaka gaba. Wanda ya dace da mu a jerin Windows shi ne West Central Africa, a Linux kuma

sudo timedatectl set-timezone Africa/Lagos

ko Africa/Niamey, Africa/Douala, Africa/Ndjamena, Africa/Accra, Africa/Khartoum, kowa da nasa. Yankin lokaci za ka fara dubawa a duka sistem biyun kafin ka taɓa komai, in ba haka ba duk gyaran da ka yi a kan kuskure ka ɗora shi.

Yanzu ga babbar, wato kwanan wata ya koma shekarun baya. Wannan kusan kullum batirin CMOS ne, wato ɗan batirin nan mai ba wa agogon bod wuta. Shi ne CR2032, mai kama da kwabo, bolt 3, lambar ma girmansa ce, faɗi milimita 20 kauri 3.2, irin wanda ke cikin rimot ɗin mota da wasu na'urorin gwajin suga da sikelin dijital. Kwamfutar ma ta kan faɗa da bakinta a baƙin allo kafin butin, mutane ne ke danna F1 su wuce ba su karanta ba. Dell za ta ce Time-of-day not set ko ta ce wutar batirin sistem ta yi ƙasa, destof ɗin HP za ta nuna 163-Time & Date Not Set, laftof ɗin HP kuma CMOS Reset da lamba 502, ThinkPad 0271, sauran bod bod ɗin kuma CMOS checksum error. Na san wani shagon bizines santa da yaron shagon ya mayar da danna F1 da saita kwanan wata aikin safe kamar shara, ya zo ya buɗe ƙofa, ya tayar da janareta, ya danna F1, ya duba wayarsa ya saita rana, ranar da bai zo ba kuwa duk takardun da aka ajiye suka ɗauki kwanan 2009, aka yi ta neman fayil ɗin kwastoma a cikin na kwanan nan babu shi, ashe yana can ƙasan jeri.

Dalilin da ya sa batirin ke saurin mutuwa a wajenmu ba wai don jabu ne kawai ba. Destof muddin tana jone da soket kuma akwai wuta, ko a kashe take, fawa saflai na ba wa agogon 'yar wutar jiran aiki, batirin hutawa yake. Sai an zare ko an ɗauke wuta sannan yake ɗaukar nauyi. Littafin da Intel ke haɗowa da bod ɗinta na destof ya kan ce batirin zai yi kimanin shekara 3 idan ba a jone take ba. To a garin da wuta ke zuwa awa kaɗan a rana, kuma kowa ke kashe soket da daddare don tsoron wuta mai ƙarfi, ai batirin ne ke aiki kusan kullum, ga shi kuma tun kafin ta iso hannunka ta yi wata da watanni a sito da cikin kwantena.

Gwajin ba wuya. Shiga BIOS, Dell F2, HP F10, ThinkPad F1, yawancin haɗaɗɗun destof Del, saita rana da lokaci, ka yi sebin, ka kashe, ka zare waya daga bango, in laftof ce ka cire babban batirinta ma, ka bar ta ta kwana. Da safe ka shiga BIOS kai tsaye kar ka bari Windows ko Linux ya tashi. Idan kwanan wata ya koma baya, ko agogon ya tsaya kusa da inda ka bar shi, batir ne. Dole a BIOS za ka duba, saboda Linux na zamani yana rufa wa mataccen batir asiri, systemd-timesyncd na ajiye lokacin ƙarshe da ya sani a kan diski, idan ya tashi ya ga bod na nuna lokacin da ya gabaci wancan sai ya yi tsalle zuwa wanda ya ajiye, kai kuma ka ga kwanan jiya ko shekaranjiya ka ce ai Linux lafiya yake Windows ne ya lalace. Za ka iya leƙa cat /proc/driver/rtc akwai layin batt_status, in ya ce dead to ka yarda, in ya ce okay kar ka yarda ɗari bisa ɗari. Mitar gwajin wuta ta fi gaskiya, sabon batir zai ba ka bolt 3.2 ko 3.3, ni da na ga ya sauka wajen 2.7 cirewa nake ba na jiran ya ƙarasa.

Kafin ka cire, ɗauki wayarka ka yi hoton kowane shafi na BIOS, musamman wajen SATA da jerin abin da za a fara butin da shi. Ba agogo kaɗai batirin ke riƙewa ba a tsofaffin bod, har da saitin, kuma idan saitin ya koma na kamfani yanayin diski zai iya sauyawa daga AHCI zuwa IDE ko akasin haka, Windows XP ko 7 da aka yi wa instol a ɗaya yanayin ya ba ka shuɗin allo mai lamba 0x0000007B, Linux kuwa ya tashi abinsa kamar ba abin da ya faru. Mutane da yawa a nan suke yanke hukuncin Linux ya kashe musu Windows. Mayar da saitin yadda yake kawai, zai tashi.

A destof sauyin minti biyu ne. Zare waya, danna maɓallin kunnawa ka riƙe kaɗan don sauran wutar ta fita, taɓa ƙarfen kes ɗin da hannu, sai ka nemo batirin yana kwance cikin wani baƙin gurbi, akwai ɗan harshen ƙarfe a gefe, ka tura shi da farce ko ƙaramin sukundireba batirin zai ɗago da kansa. Duba cikin gurbin, ƙurar hunturu na taruwa a nan, wani lokaci har da tsatsa kore kore a jikin ƙarfen, goge shi da auduga da ɗan sifirit, in harshen ya saki ka ɗan lanƙwaso shi. Gefen da ke da alamar + da rubutu shi ke kallon sama. Masu gyaran agogo da masu kayan waya duk suna da shi, a Kano ko Farm Centre ko titin Beirut ba za ka rasa ba, sai dai ka karanta lambar da kyau, CR2025 da CR2016 faɗinsu ɗaya da shi amma sun fi shi siranta, za su shiga gurbin su yi ta lilo, yau agogo na aiki gobe an bugi tebur ya koma 2009. Ka kuma duba jamfar da aka rubuta CLR_CMOS ko makamancin haka kusa da batirin, kar a ce wani ya taɓa matsar da ita bai mayar ba.

Laftof ita ce mai ɗan wahala. Yawanci batirin a naɗe yake cikin baƙar roba ko rawaya da wayoyi biyu, ja da baƙa, da ɗan farin fulogi, wata a ƙarƙashin kibod, wata sai ka kwance bayan gaba ɗaya. In ka samu irinsa da fulogin sayi kawai. Kar ka ɗora ayan ɗin soda kai tsaye a jikin batirin lithiyom, zafi na iya fasa shi. Sannan ka karanta abin da aka rubuta a jikin tsohon, idan ML ne kamar ML1220 to mai caji ne, bod ɗin na tura masa wuta, ba a sa CR a gurbinsa. Masu tsofaffin 386 da 486 na tarihi kuwa su nasu daban, wasu batirin a cikin wani baƙin akwati yake mai suna Dallas DS1287 an rufe shi ruf, wasu kuma batir ne mai kamar ganga da ke zubar da ruwa ya cinye layukan bod.

Abin da ke ruɗa mutane bayan an sa sabon batir shi ne su jona intanet su jira agogo ya gyara kansa, shi kuma ya ƙi. Windows da ba ya cikin domen, wato ba ya ƙarƙashin sabar wani ofis ko kamfani, yana da iyaka, a saitinsa na asali ba ya gyara kuskuren da ya wuce sakan 54,000, wato awa 15, da kansa. Tsohon ntpd, mai daidaita lokaci a Linux, shi ma idan bambancin ya wuce sakan 1000 fita yake ya bar ka, sai an tashe shi da -g. Don haka ka fara saita rana da hannu a BIOS ta zo kusa, sannan ka bar intanet ta ƙarasa. A Windows w32tm /resync zai sa ya daidaita nan take.

Kuma kwanan wata ba ado ba ne. Kowane shafi mai https yana da satifiket mai ranar farawa da ranar ƙarewa, na Let's Encrypt, masu bayar da irin wannan satifiket, ba ya wuce kwana 90, to ko wata huɗu agogonka ya koma baya burauza za ta ga satifiket ɗin lokacinsa bai zo ba, Chrome ya nuna NET::ERR_CERT_DATE_INVALID. apt, mai sauke manhajoji a Ubuntu da Debian, zai ce fayil ɗin Release is not valid yet ya ƙi yin ofdet. Lambobin shiga akawun masu sauyawa duk sakan 30 su ma za su ƙi. Tsofaffin Linux kuma a lokacin butin fsck, mai duba lafiyar diski, na iya tsayawa ya ce lokacin da aka yi maunt na ƙarshe yana nan gaba, in the future, ya jefa ka baƙin allo kana zaton diski ya mutu alhali lafiyarsa ƙalau, wanda ba zai iya sauya batir nan kusa ba zai iya sa broken_system_clock = true a ƙarƙashin sashen options na /etc/e2fsck.conf. Amma fa ba kowace matsalar satifiket ce ta agogo ba. Ranar 30 ga Satumba 2021 wani tsohon tushen satifiket mai suna DST Root CA X3 ya ƙare, tsofaffin sistem da ba su samu sabon ba suka fara ƙin buɗe shafuka da yawa duk da agogonsu daidai yake. XP dai Microsoft ta daina kula da shi tun Afrilu 2014, Windows 7 kuma Janairu 2020, in agogo daidai ne kuma kuskuren na nan, can za ka duba.

Na 'yan mintoci ba abin tayar da hankali ba ne, kiristal ɗin an yanka shi ne ya fi daidai a zafin digiri 25, cikin kes a watan Afrilu kuwa ya wuce haka nesa, sai ya ɗan rage gudu, minti ɗaya ko biyu a wata ba komai ba ne, NTP zai share. Wanda ya fi ban haushi shi ne agogon da ke kaucewa da wani adadi mara kan gado duk butin, yau minti 17 gobe minti 40, kuma a Linux kaɗai. Buɗe /etc/adjtime, layi uku ne, na ƙarshe UTC ko LOCAL, lambar farko a layin farko kuma ita ce sakan nawa hwclock ke zaton agogon bod na kaucewa a rana. Tsohon hwclock, kafin util-linux 2.26, ya kan lissafa wannan da kansa duk lokacin da aka rubuta wa bod, to idan Windows ko kai kun juya agogon da awa guda a tsakani sai ya ɗauka kiristal ɗin ne ya lalace haka, ya ajiye wata ƙatuwar lamba, ya dinga gyaran abin da bai ɓaci ba. Mayar da lambar 0.0, ko ka goge fayil ɗin ka sake sudo hwclock --systohc tare da --utc ko --localtime, wanda ka zaɓa tun farko, don in babu fayil ɗin UTC ake ɗauka.

Idan ka sa sabon batir mai kyau, gurbi a goge, jamfa a wurinta, amma har yanzu tana mantuwa, to matsalar ta koma kan bod, ko ɗan dayod da resista da ke tsakanin batir da cif, ko kiristal ɗin kansa, wannan aikin mai gyara ne da ya iya bin layi da mita, kuma a kwamfutar da ta shekara goma sha wani abu sai ka auna ko kuɗin gyaran ya cancanta. In bai cancanta ba ana iya lallaɓawa. A Linux ka sa chrony, manhajar daidaita lokaci ta intanet, a cikin fayil ɗin saitinsa ka mayar da layin makestep ya zama makestep 1 -1, zai yi tsalle zuwa lokacin da ke daidai komai nisan kuskuren da zarar ya samu intanet. A Windows kuma ƙarƙashin W32Time\Config a rajistiri ka mayar da MaxPosPhaseCorrection da MaxNegPhaseCorrection zuwa ffffffff don cire iyakar awa 15 ɗin, sannan a Task Scheduler ka sa w32tm /resync ya dinga gudu duk lokacin da aka shiga. Sharaɗin dai sai ka jona ta da datar wayarka kafin ka buɗe burauza ko ka ajiye wani fayil, kuma F1 ɗin nan na safe ba za ka rabu da shi ba.